Sunkuyon Zayyanu

Ranar Talata aka mayar da goron.

Ƙwarya guda ce, a ɗaure yadda aka kai ta, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ƙanin Malam Jinaidu ne ya kawo ta har gidan Mode mahauci a Tudun Wada, cikin Sakkwato. Ya ajiye a zaure, ya ce Malam ya ce a yi haƙuri. Ko ruwa bai sha ba ya juya.

Goron na neman auren Nuriyya ne, 'yar Malam Jinaidu na unguwar Hubbare. Wanda ake nema wa kuwa Zayyanu ne, ɗan Mode, wanda ya shekara biyu a Japan yana koyon yarensu da al'adunsu. Hutun wata guda ya zo. Saura kwana biyar ya koma, kuma in ya koma sai bayan shekara.

Mode yana tsakar gida yana wasa wuƙa. Bai ɗago ba ya kira ɗansa.

"Kai. Mi kay yi a ƙasar mutanen ga?"

"Karatu, Baba."

"Karatu ba shi maido goro."

Zayyanu ya tsaya a gabansa, hannu biyu a jikin cinya, ya ɗan lanƙwasa baya.

Mode ya dube shi sama da ƙasa.

"Kuma ka bar wagga lanƙwasa da kaka yi mani tun da kaz zo. Cikinka ka ciwo?"

"A'a, Baba."

"To miƙe. Shekara talatin Malam na sayen nama wurina. Bai taɓa raina sana'ata ba. Shi da bakinai yac ce a kawo goro. In ya maido shi, akwai dalili, kuma dalilin ba ni na ba. Tahi ka nemo shi."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Bayan la'asar Zayyanu ya sami Nuriyya a gidan gwaggonta, inda ta saba tsayawa in ta taso daga makarantar firamaren da take koyarwa. Gwaggon tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ba su baya, amma kunnenta yana wurinsu.

Idanun Nuriyya sun kumbura. Ba ta gaishe shi ba. Waya ta miƙa masa.

Ya san bidiyon. Shi ya sa shi a shafinsa da hannunsa, wata biyar da suka wuce. Yaran yanzu ba sa iya yin abu su bar shi a inda suka yi shi.

Ga shi nan cikin doguwar rigar Japanawa, a wani ɗaki mai tabarma, ranar da aka koya musu yadda ake shan shayi a al'adance. Ya durƙusa a kan gwiwa biyu a gaban wata tsohuwa. Ya kafa tafin hannu biyu a ƙasa. Ya sauke goshi har ya kusa taɓa tabarma. Can gaba kuma ga shi a tsaye ranar rufe zango, yana karɓar takarda daga shugaban makaranta, bayansa a lanƙwashe.

"Wa ya kai wa Malam?"

"Mansur."

Mansur ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Arkilla, yana da mota, yana ɗaukar karatu a zauren Malam. Sau biyu ya nemi Nuriyya, sau biyu ta ce a'a.

"A ƙofar masallaci ya nuna masa," in ji ta. "A gaban mutane. Wai shi ba don komai ba, don addini."

"Gaisuwa ce, Nuriyya. Wallahi gaisuwa ce. Can mai shago sunkuya maka yake, direban bas ma haka. Wannan tsohuwar Malama Harada ce, ita ta koya mini baƙaƙensu tun ban san ko ɗaya ba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta kawo mini kunun shinkafa har ɗaki. Ita ta je ta roƙi shugaban makaranta ya ba ni wurin salla."

"Ni na sani, Yaya Zayyanu. Baba ne bai sani ba. Shi abin da ya gani, gwiwa a ƙasa, tafi biyu a ƙasa, goshi ya nufi tabarma. Ya ce shekara arba'in yana koya wa mutane sujada, in ya gan ta ba ya bukatar a gaya masa sunanta."

"Ki bari in je in yi masa bayani."

"Wane bayani? Na durƙusa na yi masa bayani har muryata ta dushe. Na ce ka fi Mansur kiyaye salla. Na ce na san ka tun muna Islamiyya. Cewa ya yi ba zai aura mini kowa dole ba, in zauna har in tsufa in na ga dama, amma ba zai ba da ni ga wanda ya yi wa mace sujada ba."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Shekara biyu ina jiranka. An yi bikin ƙannena biyu a gabana, ni ke riƙe musu mayafi. A makaranta malamai mata matar ɗan Japan suke ce mini. Wai in na je can da tsinke zan ci tuwo. Ina dariya tare da su, don na san ranata tana zuwa. Yanzu me zan ce musu?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin ne ya kawo ni nan."

Wayar Zayyanu ta yi ƙara. Daga makarantarsu ne, ana tambayar ranar da jirginsa zai sauka. Ya miƙe tsaye ya amsa cikin yaren can, da sauri-sauri. Kowace kalma biyu sai ya sunkuya. Da zai kashe ya sunkuya sau uku a jere, yana fuskantar bangon gidan.

Gwaggo ta daina tsintar shinkafa.

"Wanga yaro bango shika gaisarwa?"

Dariya ta ƙwace wa Nuriyya cikin kuka. Nan take ta daina.

"Ka ga abin da ka yi?"

"Me na yi?"

"Waya kake yi wa, Yaya Zayyanu. Mutumin yana can bayan duniya, ba ya ganinka, kana sunkuya masa. Kuma ba ka ma sani ba."

Ya dubi wayar a hannunsa.

"Inna ta roƙi Baba yau da safe har ya yarda zai gan ka. Jibi Alhamis, bayan la'asar. Sau ɗaya. Ya ce bayan wannan kada a ƙara kawo masa maganar." Ta riƙe bakin mayafinta da hannu biyu. "Don Allah, ka tsugunna tun daga ƙofa yadda aka haife ka kana yi. Kada ka lanƙwasa masa baya. Ko kaɗan. Ba ni da wata dabara, wannan ce ta ƙarshe."

Da Mode ya ji dalilin, bai yi faɗa ba. Ya kalli bidiyon sau ɗaya ya mayar da wayar.

"Ni ma in nig ga haka, goro zan maido."

Washegari Laraba bai fita mahauta ba. Rabon da ya yi fashin kasuwa tun rasuwar uwar Zayyanu. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon tiren da ya yi tallan nama da shi yana saurayi. Ya ɗora shi a kan ɗansa, ya cika kofi da ruwa ya ajiye a tsakiyar tiren.

"Mai tallan nama ba shi sunkuya wa kowa. Ko sarki yag gamu da shi, tsugunnawa shikai, baya a miƙe. In yas sunkuya, nama ya zuba, ya sha bulala. Haka ubana yak koya mani. Gaishe ni."

Zayyanu ya ce, "Ina kwana, Baba," kofin ya kife, ruwa ya bi masa wuya.

"Sake."

Ya sake. Ya gai da matar ubansa, ya gai da maƙwabcin da ya leƙo, ya gai da mai kawo ruwa. Kafin azahar tiren ya faɗi sau bakwai. Matan gidan suna ɗaki suna danne dariya. Mutum mai digiri, mai yare uku a bakinsa, yana yawo a tsakar gida da tire a ka.

Mode bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

"Wuya a tsaye. Gwiwa ka lanƙwasawa, ba baya ba. Sake."

Zuwa la'asar tiren ya daina faɗuwa. Zayyanu yana tsugunnawa ya gaisar ya miƙe, ruwan kofin ko motsi ba ya yi.

Mode ya sauke tiren ya jingine.

"Gobe ba tire. Amma ka ji shi bisa kanka."

Ranar Alhamis suka hau keke mai ƙafa uku zuwa Hubbare. Hanya cike take da masu ziyara, tsofaffin mata daga nesa da ƙullin kayansu, masu turare da tasbaha suna kiran ciniki. Mode ya sa babbar rigarsa ta Idi. 

Zauren Malam Jinaidu ƙarami ne. Littattafai jere a bango, buzu a ƙasa, Malam a kai, farin gemu, siririn jiki. A hagunsa Mansur ne zaune da littafi a cinya, kamar karatu ya kawo shi.

Zayyanu ya cire takalmi, ya tsugunna tun daga bakin ƙofa. Baya a miƙe. Ya gaisar.

Malam ya amsa. Ya gaisa da Mode gaisuwa mai tsawo, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali. Sannan ya juyo.

"Zayyanu. Ina alƙibla take a ƙasar can?"

"Yamma, Allah gafarta Malam, da ɗan karkata arewa. Nan gabas muke kallo, can Makka tana yamma da mu."



"Ikon Allah. Juma'a fa?"

"Akwai ƙaramin masallaci, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa. Ina zuwa. In darasi ya hana, ina yin azahar a ɗakin da aka ba ni."

"Azumi?"

"Ni kaɗai ne a makarantar. Ban sha ko ɗaya ba."

"Yankansu?"

"Ba na ci. Akwai shagon wani Musulmi, can nake sayen nama in na samu hali. Sauran kwanaki kifi."

"Ɗan mahauci da kifi," in ji Mode. "Malam, dubi wuyan yaron ga. Awa na zakara."

Gefen bakin Malam ya motsa.

Mansur ya gyara zama.

"Allah gafarta Malam, duk wannan baki ne. Hoto dai ba ya ƙarya."

Mode ya juya gaba ɗaya ya dube shi.

"Yaro, kai wa yat tambaye ka?"

Mansur ya mayar da ido kan littafinsa.

"To," in ji Malam. "Abin da nig gani a waya, kai na?"

"Ni ne."

"Faɗi."

Zayyanu ya faɗa. Ya ce a can haka yaro ke gai da babba, haka babba ke gai da yaro. Ya ce mutanen suna cire takalmi a ƙofa kamar mu, suna girmama tsoho kamar mu, ba sa ɗaga murya a gaban malami. Ya ce aikin tafinta yake nema in ya gama, don in mutanen can suka zo aikin noma ko na ruwa, a sami ɗan Sakkwato da zai tsaya a tsakani. Ya ba da labarin Malama Harada da wurin salla. Ya ce bai taɓa nufin bauta ba, Allah ne shaidarsa.

Malam ya bar shi har ya gama.

"Niyya cikin zuciya take, ban ganin ta. Gaɓoɓi nika gani. Tsugunno namu na, mun gada, kuma ba shi cikin salla. Amma mutum shi tsaya shi lanƙwasa baya, wanga ruku'u na. Goshi ga ƙasa, sujada ta. Guda biyun ga na Allah na shi kaɗai. Ba na sarki ba, ba na malami ba, ba na tsohuwar kirki ba. Allah shi saka mata, amma ba nata na ba."

"Na ji, Allah gafarta Malam."

Malam ya daɗe yana kallon buzunsa.

"Ɗiyata kwana uku ba ta ci abinci ba. Uwarta ta hana ni sakat. Ni ba dutse ba na." Ya ɗago. "Abu guda nika so. Ka yi mani alkawari gaban ubanka. Daga yau, nan da can, ba ka ƙara lanƙwasa wa ɗan Adam baya. Ka sa hannu ga ƙirji, ka ce masu addininka ya hana. In mutanen kirki na awa yadda kac ce, su gane."

Zayyanu ya tuna Malama Harada. Kullum in an tashi darasi takan raka su bakin ƙofa, da ciwon bayanta, ta sunkuya, ba ta ɗagowa sai sun sha kwana. Ya ga kansa tsaye a gabanta ƙiƙam kamar turke. Ya san ba za ta ce komai ba. Ya san kuma za ta ji a ranta.

Daga can cikin gida, bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida, ya ji ɗan motsin awarwaro.

"Na yi alkawari."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah."

Malam ya sauke numfashi.

"Mode, gobe bayan Juma'a a maido goron."

"Alhamdu lillahi," in ji Mode. Ya shafa fuska da hannu biyu, ya daɗe bai sauke ba.

Mansur ya rufe littafinsa.

Aka yi addu'a aka shafa. A cikin gida wata mata ta fara guɗa aka tsawatar mata. Mode ya miƙe yana gyara riga. Zayyanu ma ya miƙe, ƙirjinsa ya yi sakayau kamar an sauke masa buhu. Ya juya zai nemi takalminsa.

"Dakata," in ji Malam.

Tsohon ya dafa bango ya tashi tsaye, abin da ba ya yi wa baƙo. Ya miƙa hannu ga wani ƙusa ya sauko da tasbaharsa, baƙa, ta icce, ta yi sulɓi don ja.

"Wagga ta yi Makka da ni sau biyu. Karɓi. Ka riƙe ta a ƙasar can, ta riƙa tuna maka gida."

A daidai lokacin ƙofar cikin gida ta buɗe. Nuriyya ce, da kwanon fura a hannu, Inna ta aiko ta ta kawo wa baƙi. Fuskarta a wanke, tana murmushin da take ƙoƙarin ɓoyewa.

Zayyanu ya dubi tasbahar. Ya dubi hannun tsohon da ke miƙo ta. Godiya ta cika masa ciki har ya rasa kalma, ta Hausa ko ta can. Shekara biyu, duk ranar da babba ya miƙo masa abu, hanya ɗaya ce ake karɓa.

Ya haɗa ƙafa. Ya miƙa hannu biyu. Bayansa ya tafi.

"Kai! Tire!" in ji Mode.

Ya makara. Zayyanu ya riga ya sunkuya, baya a shimfiɗe, kai daidai da ƙugu, a gaban Malam Jinaidu, a cikin zauren da ake koyar da salla.

"Subhanallahi," in ji Mansur, a hankali, yadda kowa zai ji.

Tasbahar ta taɓa tafin Zayyanu. Malam bai sake ta ba. Ya janye ta, ƙwaya bayan ƙwaya tana zamewa daga yatsun yaron.

"Ni kay yi wa?"

"Baba, mantuwa ce!" Nuriyya ta dire kwanon, furar ta fantsama a buzu. Ta zube a kan gwiwa. "Wallahi bai sani ba. Ko waya yana yi wa, ko bango, na gani da idona. Baba, don Allah, don darajar Inna, ka dube ni."

"Shi na abin da nika tsoro," in ji Malam. Muryarsa ba ta tashi ba. "Da da gangan na, da sai shi tuba. Bakinai ya yi alkawari, ƙashin bayanai bai yi ba. Shiga ciki."

"Baba..."

"Shiga ciki, Nuriyya."

Ya mayar da tasbahar kan ƙusa. Sai da ya gwada sau biyu ta rataya.

"Mode, ka riƙe goronka. Ka yi haƙuri."

Mode ya buɗe baki. Shekara talatin yana ciniki da mutumin nan, bai taɓa roƙonsa komai ba. Ya rufe bakin. Ya sunkuci takalminsa ya fita.

Zayyanu bai ɗago ba. Hannunsa biyu suna nan a miƙe, ba komai a ciki. Yana ganin furar tana gangarowa ta ƙarƙashin ƙafarsa, yana jin kukan Nuriyya yana nisa zuwa cikin gida. So yake ya ba da haƙuri. Ya lalubi yadda ake yi, jikinsa ya ba shi amsa guda ɗaya, wadda aka koya masa a can: mai neman gafara ƙara yin ƙasa yake.

Ya ji gwiwoyinsa sun fara nufar ƙasa.